Kogwannin Ayilan da Labarun da Ake Bayarwa a Kansu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara bin labarun gargajiya na ƙauyukan Ayilan, tsibirin da ke yammacin Turai, ba ya nisa sai ya ci karo da kogo. Ko dai wani ya shiga bai fito ba, ko kuma wani abu ya fito wanda bai kamata ya fito ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar wannan fanni suka fi maimaitawa. An bar sunayen wurare yadda masu ƙasar ke rubuta su, don wanda ya so nema ya samu.

Me ya sa kogo ya yi yawa haka a labarun mutanen Ayilan?

Ƙasar ce ta zo da haka. Kusan rabin tsibirin yana zaune ne a kan dutsen farar ƙasa, ga ruwan sama da ba ya ɗaukewa duk shekara. Ruwa kuwa yana cin irin wannan dutse sannu a hankali har ya huda shi. A yankin Burren na gundumar Clare, rafi kan zo da gudu ya nutse cikin rami, sai can a gonar wani ya sake ɓullowa. Akwai tafkunan da ke cika da hunturu su ƙafe da bazara, ba a ga inda ruwan ya bi ba. Manomin da ya tashi yana ganin haka ba sai an gaya masa cewa akwai wata duniya a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Kogon da ya fi kowanne tsawo a tsibirin, Pollnagollum, yana nan Clare, tsawon hanyoyinsa ya kai kilomita 16.

Sunayen ma suna ba da labari. A harshen Ayilan na asali, uaimh da dearc na nufin kogo, poll kuma rami. Pollnagollum ma'anarsa ramin tattabaru, kuma kogwanni da dama ne ke amsa wannan suna.

Duk abin da suka kira kogo, kogo ne na gaske?

A'a, kuma a nan sabon mai karatu ya fi yin tuntuɓe. Idan tsoho a ƙauyen Cork ko Louth ya ce akwai kogo a gonarsa, sau da yawa yana nufin ramin da hannun mutum ya gina: siririyar hanya ce a ƙarƙashin ƙasa, an jera duwatsu a gefenta, an rufe samanta da faffaɗan dutse, wani lokaci da 'yan ɗakunan da sai da rarrafe ake shiga. Yawancinsu an gina su ne wajen shekara dubu da ta wuce, don ajiye abinci a wuri mai sanyi da kuma ɓuya idan mahara sun zo. An ƙirga sama da 3,000 a tsibirin.

Galibi a cikin kufan tsofaffin gidajen manoma ake samun su, gidaje masu zagayayyiyar ganuwar ƙasa da ake kira ráth ko lios. Da masu gidan suka shuɗe, aka manta wanda ya yi ginin, sai jama'a suka ce ai gidajen mutanen ɓoye ne. Manyan kaburburan duwatsu irin su Knowth, waɗanda suka kai shekara 5,000, su ma tsofaffin rubuce-rubuce sun kira cikinsu kogo. A wurin mai ba da labari duk ɗaya ne, rami mai duhu da ke shiga ƙasa.

Su wane ne suke zaune a cikin kogon? Aljanu ne?

Sunansu aos sí, wato jama'ar tuddai. Tsohuwar hikaya ta ce kafin zuwan kakannin mutanen Ayilan, wata al'umma mai sihiri ce ke riƙe da ƙasar, Tuatha Dé Danann. Da aka ci su da yaƙi sai aka raba ƙasar biyu, masu nasara suka ɗauki abin da ke sama, waɗanda aka ci suka koma ƙasa. Mutanen karkara kuma, bayan Kiristanci ya zauna, suna da wani bayanin: mala'iku ne da aka koro daga sama, laifinsu bai kai na wuta ba, aka bar su a tsakani.

Kiran su aljanu sauƙin fassara ne kawai, don asalinsu da matsayinsu a aƙida sun sha bamban. Amma akwai inda Bahaushe zai ji kamar a gida yake: ba a kama sunansu. Kamar yadda muke cewa mutanen ɓoye, su cewa suke na daoine maithe, mutanen kirki, don kada a tsokano su. Kuma a cire hoton 'yan mitsi-mitsin halittu masu fukafukai da ake gani a zanen yara. Waɗannan suna da sarakuna da shanu da dawakai, suna biki, suna yaƙi, suna sace amare da jarirai da mata masu shayarwa. Ƙa'idar da kowane yaro ya sani ita ce: in ka tsinci kanka a wurinsu, kome yunwarka kada ka ci abincinsu, in ka ci ka zama nasu.

Wa ya tattara waɗannan labarai, kuma a ina ake samun su?

Rijiya uku ake ɗebowa, kuma gara mutum ya san wacce ya sha. Ta farko ita ce rubuce-rubucen hannu da 'yan zuhudun Kirista da malaman fada suka yi a kan fatar maraƙi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Daga nan labarun sarakuna da jarumai suka fito, irin na Nera da ke ƙasa. Ta biyu ita ce bakin manoma da masunta. A 1935 gwamnati ta kafa hukumar tattara adabin baka ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, sannan daga 1937 zuwa 1939 aka sa yaran firamare sama da 50,000 daga makarantu 5,000 su je wurin kakanninsu da maƙwabta su rubuto abin da suka ji. An samu shafi wajen 740,000. Suna ajiye a jami'ar University College Dublin, kuma an ɗora su a intanet a dúchas.ie. Gundumomi shida na arewa, da ke ƙarƙashin Birtaniya, ba sa cikin wannan aikin na makarantu.

Ta uku ita ce bakin masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. Ba laifi ba ne, sana'a ce, amma gishirinta ya fi yawa. Yawancin ruɗanin da ake samu a kan wannan batu daga gauraya ukun nan yake zuwa, a ɗauki abin da aka ƙaga shekaranjiya a ce ya shekara dubu biyu.

Wane kogo ne ya fi suna a almara?

Oweynagat, daga Uaimh na gCat, kogon kyanwoyi. Yana Rathcroghan kusa da ƙauyen Tulsk a gundumar Roscommon, inda hikaya ta ce nan ce fadar Sarauniya Medb da mijinta Ailill na ƙasar Connacht. Wanda ya je da tsammanin ganin ƙaton baki zai sha mamaki: ɗan rami ne a gefen hanyar gona, a gindin wata ƙaya, sai an zauna an ja jiki cikin taɓo. Mashigarsa irin ginin nan ne na hannu da aka bayyana a tambaya ta biyu, daga nan ta haɗe da tsagar dutse ta asali mai tsawon mita 37. A kan wani dutse da aka gitta a saman mashigar akwai rubutun ogham, tsohon rubutu na zane-zanen layi, da ke cewa "Fraech ɗan Medb".

Wani tsohon rubutu ya kira shi ƙofar jahannama ta Ayilan, ya kuma lissafa abin da ya fito daga ciki: dodo mai kai uku da ya yi ta ɓarna, jajayen tsuntsaye da numfashinsu ke ƙona tsiro, da garken aladun da ba sa ƙirguwa. Duk inda aladun nan suka taka, shekara bakwai ba abin da zai tsiro, kuma kowa ya ƙirga sai ya sami adadi daban. Medb ta cafke ƙafar ɗaya yayin da ya tsallake keken dokinta, ya zame ya bar mata fata a hannu. Kyanwoyin da suka ba kogon suna kuwa uku ne, aka sake su da dare a kan jarumai uku don a gwada su. Biyu suka ɗare kan azara suka kwana a can, Cú Chulainn kaɗai ya zauna a wurinsa har gari ya waye.

Mene ne labarin Nera da ake yawan ambata?

Daren Samhain ne, bikin shigar hunturu, daren da ake cewa ƙofofin duniyar ɓoye a buɗe suke. Sarki Ailill ya sa takobinsa mai ƙotar zinariya a matsayin lada ga duk wanda zai fita ya ɗaura igiyar reshe a ƙafar wani fursuna da aka rataye jiya. Kowa ya fita sai ya dawo a guje, sai Nera. Yana cikin ɗaurawa gawar ta yi magana, ta ce da ƙishirwa aka rataye ta, ya goya ta ya kai ta ta sha ruwa. Gida na farko ba su iya shiga ba, don masu gidan sun rufe wutar murhunsu da toka yadda ya kamata. Na biyu ma haka, don sun zubar da ruwan wanke-wanke kafin su kwanta. A na uku aka bar ƙazamin ruwa a ɗaki, gawar ta sha, ta fesa sauran a fuskar masu barci, suka mutu. Wannan yanki shi ya fi kama da hirar tsohuwa da jikokinta, don umarnin gida ne aka naɗe cikin tsoro, kuma an ci gaba da jin irinsa a bakin matan karkara har ƙarni na 20.

Da Nera ya mayar da gawar, sai ya hango fada tana ci da wuta, ga wata runduna tana shiga kogo. Ya bi su. Sarkin can ya haɗa shi da wata mata, ya ɗora masa aikin kawo itace kullum. Matar ce ta gaya masa cewa gobarar da ya gani ba ta auku ba tukuna, ta baɗi ce, in bai gargaɗi mutanensa ba. Ya ce wa zai yarda da shi? Ta ce ya tafi da tsiron bazara. Ya fito riƙe da tafarnuwar daji da furanni a farkon hunturu, ya tarar da abokansa zaune a bakin tukunyar da ya bar su, nama bai ma nuna ba, alhali shi a lissafinsa kwana uku ya yi. Mutanen Connacht suka riga abokan gaba, suka fasa tudun. Nera kuwa ya koma wurin matarsa da ɗansa, labarin ya ce ba zai fito ba sai tashin duniya.

Gaskiya ne a wannan kogo aka fara bikin Halloween?

Haka ake tallatawa, amma an zarce. Abin da ke tabbas shi ne Samhain tsohon biki ne na ƙarshen kaka da shigar hunturu, daren 31 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba, kuma tsofaffin labarai sun danganta Oweynagat da wannan dare fiye da kowane kogo. Tabbas ne kuma cewa 'yan ƙaura daga Ayilan da Sikotilan ne suka kai al'adun daren Amurka a ƙarni na 19. Amma biki ne na ƙasa baki ɗaya, ba shi da mahaifa guda. Tudun Tlachtga a gundumar Meath ma yana da'awar wannan sarauta, da nasa hujjojin.

Me ya sa ake cewa kogwanni suna haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa?

Wannan shi ne labarin da ya fi yawa a littattafan yaran makaranta da aka ambata a sama. Kusan kowane ƙauye yana da ramin da ake cewa ya bi ta ƙarƙashin kogi ya ɓulla a wata tsohuwar majami'a ko fada. Hujjar kullum iri ɗaya ce: an saka kare ko kyanwa ko agwagwa ta nan, an gan ta ta fito ta can. Wani lokaci mabushi ne ya shiga yana busa, jama'a na bin sautin ta sama, har sautin ya ɗauke, shi ke nan. A Oweynagat ana ba da labarin matar da ɗan maraƙinta ya ja ta cikin kogon tana riƙe da wutsiyarsa, ba ta saki ba sai da suka ɓulla a Keshcorran, can gundumar Sligo. Kogon dai an auna shi, mita 37 ɗin nan ce.

Keshcorran kuwa tudu ne mai kogwanni 16 jere a fuskarsa ta yamma, ana hango su daga nesa kamar ƙofofin ɗakuna. Nan aka ce kyarkeciya ta sace jariri Cormac mac Airt tana shayar da shi tare da 'ya'yanta, har aka gano shi yana rarrafe, ya girma ya zama mafi shahara cikin sarakunan Tara, mazaunin manyan sarakunan Ayilan na da. Nan kuma wasu mayu uku 'yan uwan juna suka rataya zare a bakin kogo, duk jarumin rundunar Fionn, wani gwarzon almara, da ya gifta sai ƙarfinsa ya zube, suka ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, sai Goll mac Morna ya zo ya cece su. Da aka haƙa kogwannin a 1901 an sami ƙasusuwan kyarkeci da na beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi, da na barewa, da haƙoran mutane.

Akwai labarun dukiya ko dabbobin da ke fitowa daga kogo?

Akwai, kuma kusan kullum kwaɗayi ke ɓata su. Tsohon kogon Mitchelstown a gundumar Tipperary ana kiransa kogon tunkiya mai ruwan toka. Wani talaka ne ya ga baƙuwar tunkiya a bakin kogon, ya kai ta gida, ta yi ta haihuwa har ya zama mai garke, yana sayar da ulu. Da ta tsufa sai ya ce bari ya yanka ta. Tana ganin wuƙa ta yi kuka sau ɗaya, 'ya'ya da jikoki suka amsa, suka bi ta cikin kogon, ya koma yadda yake a da.

A Cong, gundumar Mayo, akwai rami mai matakala da rafi ke gudu a ƙasansa, inda aka ce wani farin kifi ke zaune. Budurwa ce da aka kashe saurayinta aka jefa shi ruwa, take jiransa. Wani soja mara kunya ya kama kifin ya ɗora a kan ƙarfen gashi, sai ya rikiɗe ya zama mace, ta umarce shi ya mayar da ita, aka ce tabon ƙarfen na nan a jikin kifin. Labarun tukunyar zinariya kuwa tsarinsu ɗaya: mutum ya yi mafarki sau uku, ya je haƙa da dare, sai ƙaton muzuru ko baƙin kare ko bijimi ya bayyana, ko kuma ya hango gidansa na ci da wuta, ya ruga ya tarar lafiya lau, ya dawo ramin ya rufe.

Ana maganar mayaƙan da ke barci a kogo. Yana da alaƙa da Ashabul Kahfi?

Kiristocin Turai na zamanin da, har da na Ayilan, sun san labarin samarin da suka yi dogon barci a kogo, suna kiransu masu barci bakwai na Afisa. Amma na ƙauyukan Ayilan wani abu ne daban, labarin siyasa ne na mutanen da aka mallake. Gwarzonsa Gearóid Iarla, kuma jama'a sun haɗe hakimai biyu na gidan FitzGerald a cikin sunan: na Desmond da ya rasu a 1398, wanda aka ce yana ƙarƙashin tafkin Lough Gur, da na Kildare, wanda aka ce yana kwance da rundunarsa a kogo ƙarƙashin tudun Mullaghmast. Duk shekara bakwai yakan fito ya zaga a kan doki mai takalmin azurfa. Ranar da takalmin ya siɗe ya yi kaurin kunnen kyanwa, ranar zai tashi ya kori Ingilishi.

Wani dillalin dawaki, in ji labarin, ya ga kogon a buɗe da haske, ya shiga, ya tarar da mayaƙa sun kifa kai a kan tebur. Ya ɗan zaro takobin ɗaya, sai mai takobin ya ɗaga kai ya ce, "Lokaci ya yi?" Ya ce, "Tukuna." Ya mayar da takobin cikin kube, ya fita da baya. Washegari ya nemi ƙofar ya rasa.

Yaya Kiristanci ya yi da waɗannan kogwanni?

Wasu ya la'ance su, kamar yadda sunan ƙofar jahannama ya nuna a tambayar Oweynagat, wasu kuma ya mayar da su nasa. Mafi girma shi ne na tsibirin Station a tafkin Lough Derg, gundumar Donegal. An ce da mutane suka ƙi gaskata wa'azin Waliyyi Patrick, sai aka nuna masa wani rami da wanda ya shiga zai ga azabar lahira da idonsa. Wani rubutun Latin na ƙarni na 12 a kan jarumi Owein da ya shiga ya fito ya bazu a Turai, masu ziyara suka riƙa zuwa daga ƙasashe masu nisa. Akan kulle mutum a ciki yini da kwana. Fafaroma Alexander na 6 ya ba da umarnin rufe shi a 1497, hukumomin Ingila suka rushe wurin a 1632. Ziyarar dai ba ta mutu ba: har yau daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Agusta mutane na zuwa su yi kwana uku ba takalmi, abinci sau ɗaya a rana, busasshen burodi da baƙin shayi, su raya dare guda cur a cikin majami'a a madadin kogon.

Akwai kuma kogwannin halwa. A Glendalough akwai gadon Waliyyi Kevin, ɗan rami a jikin dutse sama da tafki. A Burren akwai kogon Colman mac Duagh, wanda aka ce ya shekara bakwai a ciki. Ranar Ista, bayan dogon azumi, yaronsa na kukan yunwa, sai akusan Sarki Guaire suka tashi daga gabansa suka bi iska, sarki da mahayansa suka bi su a guje har bakin kogon. Ramukan da ke kan shimfiɗaɗɗen dutsen wurin aka ce sawun kofatai ne, hanyar kuma har yau sunanta Bóthar na Miasa, hanyar akusa.

Shin haƙe-haƙen masana sun taɓa gaskata wani labari?

Kogon Dunmore a gundumar Kilkenny shi ne misalin da ake kawowa. Wani tsohon jerin hikimomi ya sa shi cikin wurare uku mafi duhu a Ayilan, almara kuma ta ce nan wata jaruma ta kashe Luchtigern, ƙaton muzuru da sunansa ke nufin ubangijin ɓeraye. Kundin tarihin da ake kira na Malamai Huɗu ya rubuta cewa a 928 mayaƙan Viking, 'yan asalin arewacin Turai da suka zauna a Dublin, sun kai hari wurin, suka kashe mutum 1,000. A cikin kogon an sami ƙasusuwan mutum sama da 40, yawancinsu mata da yara, kuma gwaji ya nuna wasunsu na wannan zamanin ne. A 1999 aka tsinci kayan azurfa da tagulla 43 a wata tsaga.

Sai dai a yi hattara. Kundin an haɗa shi ne tsakanin 1632 da 1636, shekara 700 bayan abin, ko da yake daga tsofaffin rubuce-rubuce aka kwafo. Dubu kuma a bakin marubutan da tana nufin "da yawa". Wasu masana ma na ganin wurin maƙabartar 'yan Viking ɗin ce da kansu. Wani lokacin kuma ƙashi kan faɗi abin da babu labarin da ya riƙe: a 2016 masu bincike biyu, Marion Dowd da Ruth Carden, suka sanar cewa ƙashin gwiwar beyar da aka tono a wani kogon Clare tun 1903 yana ɗauke da sawun wuƙar dutse na shekara 12,500, abin da ya tura tarihin zuwan mutum tsibirin baya da shekara 2,500.

'Yan fashi da 'yan tawaye fa?

Su ne suka gaji kogwannin daga hannun mutanen ɓoye. A 1601 aka kama James FitzThomas, jagoran tawaye a kudu, yana ɓoye a kogon nan na tunkiya mai ruwan toka, ɗan uwansa na jini ne ya miƙa shi, ya ƙare rayuwarsa a kurkukun Hasumiyar Landan. A zamanin dokokin da suka takura wa Katolika, daga ƙarshen ƙarni na 17, limamai kan yi ibada a ɓoye a bakin kogo, wani na gadi a kan tudu. William Crotty, ɗan fashin duwatsun Comeragh da aka rataye a 1742, har yau akwai kogo da tafki masu sunansa, ana kuma neman dukiyarsa. Masu dafa haramtacciyar barasar poitín ma sun ji daɗin tsoron da jama'a ke yi wa ramuka, ba mamaki wasu fitilun "mutanen kirki" da aka gani da dare nasu ne. Noon's Hole a Fermanagh ya samo suna daga Dominick Noone, wanda aka zarga da kai rahoton abokansa ga hukuma aka jefa gawarsa ciki a 1826.

Na baya-bayan nan shi ne kogon Tormore a Sligo, inda mayaƙa 34 suka ɓuya mako shida a yaƙin basasa na 1922, mutanen yankin na kai musu abinci a asirce. Da masana suka haƙa shi a 2022 sun tarar da matakalar dutse da daɓe da fasassun kwanuka.

Da gaske mutane sun yarda da waɗannan abubuwa? Yanzu fa?

Sun yarda, wani lokaci har ya kai ga rai. A 1895 a gundumar Tipperary, Michael Cleary ya ƙona matarsa Bridget, 'yar shekara 26, yana cewa ba ita ba ce, musanya ce mutanen ɓoye suka bar masa. Bayan nan ya je ya tsaya a wani kufai yana jira ta fito a kan farin doki. Kotu ta yanke masa shekara 20.

Yau in ka tambayi manomi zai yi dariya ya ce shi bai yarda ba, amma ka duba gonarsa, za ka ga taraktar ta zagaye kufan ta bar shi da ƙayarsa. A 1999 mai ba da labari Eddie Lenihan ya tayar da ƙura a kan wata ƙaya guda a Latoon, gundumar Clare, da sabuwar babbar hanya za ta ci. An yi hanyar, ƙayar na nan a gefe. Wannan tsoro ya tsare dubban kufai da ramuka tun kafin a yi dokar kare kayan tarihi.

Idan mutum ya je Ayilan, waɗanne zai iya shiga?

Dunmore da sabon kogon Mitchelstown da Aillwee da Doolin da Marble Arch duk an gyara su, da fitilu da matakala da ɗan jagora. Oweynagat a gonar mutane yake, ta cibiyar baƙi da ke Tulsk ake zuwa, kuma a sa tufar da ba a jin asararta. Keshcorran hawa ne mai tsayi da santsi. Gadon Kevin daga tsallaken tafki ake kallonsa. Kogwannin da ba a gyara ba, musamman na Clare da Fermanagh, ruwa kan cika su cikin ɗan lokaci idan aka yi sama, ba a shiga sai da masana.

Akwai kogon da ba shi da tsohon labari ko kaɗan?

Akwai, kuma abin dariyar shi ne yawancin waɗanda aka fi kai baƙi su ne. Sabon kogon Mitchelstown sai a 1833 Michael Condon ya faɗa kansa yana fasa dutse. Doolin, mai zungureren dutsen da ke reto daga rufi tsawon mita 7.3, a 1952 aka gano shi. Wurin da ba a san da shi ba, ba wanda zai yi masa tatsuniya, don haka sunayen da za ka ji a ciki na rijiya ta uku ne da aka ambata a tambaya ta huɗu.

Aillwee ma haka. Wani makiyayi, Jacko McGann, shi ya gano shi a shekarun 1940, karensa ya bi zomo cikin rami shi kuma ya bi kare. Ya shiga da kyandir ya ga abin da ya gani, ya fito ya ja bakinsa ya yi shiru kusan shekara talatin. Sai a 1973 ya gaya wa wasu masu binciken kogo da suka zo daga Bristol. Da suka shiga sun tarar da ƙasusuwan beyar da ramukan da dabbar ke kwanciya a cikinsu da hunturu. A 1976 aka buɗe kogon ga jama'a.